Awon Idon Baba

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya fama da ɗalibai? Tarin ƙaramar taki ya sake ta kuwa? Mu nan lafiya lau, ba abin da ke damunmu sai zafi da mijin Auta.

Shi dai, Mai Tabarau. Kin tuna shagonsa na bakin titi, wanda madubai suka fi masu saye yawa? To yanzu ya sayo na'ura. Tun ranar da aka sauke ta daga mota ya tashi daga mai sayar da tabarau, ya zama likita a bakinsa. Har farar riga ya ɗinka, da biro uku a aljihu, mutumin da ko sunansa zai rubuta sai ya fito da harshe.

Na'urar ta awon hawan jinin ido ce, wato aikin da na shekara ashirin da biyu ina yi a asibiti. Tasa mai hura iska ce. Mutum ya ɗora haɓa, ya kalli ɗigon haske, ta feso masa iska fus a ido, lamba ta fito a allo. Iyakar ilimin ke nan. Ya sa an rubuta a ƙofar shago da manyan baƙaƙe wai su ba sa taɓa ido, sai ka ce mu masu taɓawa da tsinke muke zuwa.

Ke malamar lissafi ce, bari in yi miki dalla-dalla. Akwai ruwa a cikin ido, yana shiga yana fita. In hanyar fitar ta toshe sai ya taru ya matse jijiyar gani, ba zafi ba ƙaiƙayi, gani ya riƙa zaizayewa daga gefe. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Lambar lafiya daga goma ce zuwa ashirin da ɗaya. Ni in zan auna, sai na ɗiga maganin da ke kashe jin taɓi, in sa ɗan launi ruwan ɗorawa, in kunna shuɗin haske, sannan in matso da kan na'ura sannu a hankali har ya taɓa ƙwayar idon. Ina murɗa ɗan maɓalli, ina kallon rabin zobe biyu har bakinsu ya haɗu. A nan lambar gaskiya take. Wannan aiki hannu yake so da haƙuri da shekaru. Iska kuwa, in mutum ya ƙifta, ko ya runtse, ko ya riƙe numfashi don tsoro, sai ta ba shi lambar da ta ga dama.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Alhamis ya je shagon Baba ya janyo shi, wai surukinsa ne zai fara sa wa na'ura albarka. Ya fesa masa iska, hagu ta ce ashirin da takwas, dama ta ce ashirin da huɗu. Maimakon ya yi shiru ya neme ni, sai ya ruga ya gaya wa Auta, ita kuma ta kira ni tana kuka kamar an yi rasuwa. Na tarar Baba ya rufe shago da rana tsaka, yana zaune a kan tabarma, ga gilashin nan nasa na duba cikin agogo a hannu yana juya shi. Kin san shekara arba'in a idon hagu yake maƙala shi, har wurin ya yi masa shaida. Ya ce da ni akwai agogon mutane kusan talatin a aljihun tebur, in idon ya tafi wa zai ce wa me. Wallahi raina ya ɓaci.

Washegari na shigo da shi ɗakin awona ta ƙofar baya, ba kati ba layi, don ban ga dalilin da mahaifina zai zauna a benci ba. Na auna shi da hannuna. Hagu sha tara, dama sha biyar. Lafiya garau. A tsarinmu sai wanda ya haura ashirin da ɗaya nake tura wa likita, saboda haka na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa.

Na'urata tsohuwa ce, na sani, amma ƙarfe ce ta gaske. Shekara biyu da suka wuce, da ake fentin ɗakin, kanta ya faɗo ƙasa ƙwal, na ɗauka na goge na mayar, ko gezau. Tasa kuwa in aka yi atishawa kusa da ita sai an kira mai gyara. Abin da kawai ke damuna a ɗakin shi ne tagar nan da ba ta tsayawa a buɗe, har yanzu da 'yar sandar ƙarfen da ta zo cikin akwatin na'urar nake tokare ta.

Ki kwantar da hankalinki, Baba ya koma aiki. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Yayarki mai ƙaunarki,
Nas

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na ji daɗi da kika ce tarin ya tafi. Yaya jarrabawar yaran naku, an gama makin? Ki yafe mini wata ukun da na yi ban rubuto ba, aiki ne ya sha kaina.

Kin tambayi Baba. Yana nan ƙalau, sai 'yan abubuwan tsufa. Ya koyi ɓarin shayi, in aka ajiye masa kofi ta hagu sai gwiwar hannunsa ta ture shi. Shekaranjiya ya yi ta faɗa wai an ɗauke masa ƙaramar sukudireba, alhali tana nan kusa da hannunsa a kan tebur. Kafaɗarsa ma ta saba da gaisawa da bakin ƙofa. Na ce masa mutum mai shekara saba'in da ɗaya ya daina sauri kamar ango.

Amma zo ki ji likitan iska. Ashe duk wannan yana rubutawa. Ya sayi ɗan littafi, ya ja layi da rula, yana bin Baba da ido kamar ɗan sanda. Makon jiya ya lallaɓa shi ya sake kai shi shagon, wai kujera za su duba. Ya fesa masa iska sau uku-uku a kowane ido, don wai haka takardar da ta zo da na'urar ta ce. Kin ji malamin nasa, takarda. Ya samu ashirin da tara a hagu, ashirin da biyar a dama. Ya zo har gidana da littafin, ya cire takalmi, ya durƙusa, yana wani sanyaya murya, Yaya kaza Yaya kaza. Wai shi ba da raini ba, amma da za a bari likita ya leƙa cikin idon.

Na bar shi ya gama tsaf. Sannan na tambaye shi ido nawa ya taɓa taɓawa a rayuwarsa. Na tambaye shi ko ya san kaurin fatar ƙwayar ido ma yana ruɗa na'urarsa. Na ce masa tun yana tallan tabarau a faranti nake wannan aiki, kuma mahaifin nawa ne, ba nasa ba. Auta na gefe tana murza gefen mayafi. Ita ma na ba ta nata, na ce in mijinta na neman wanda zai koyi aiki a kansa, ya nemi danginsa.

Duk da haka, don bakin mutane ya mutu, na sake shigo da Baba ta baya na auna. Hagu ashirin, dama sha shida. Yana cikin lambar lafiya. Baba bai ko motsa ba da kan na'urar ya taɓa idonsa, su da suke cewa taɓawa abar tsoro ce. Ya ce hannuna ya fi iskar can sanyi, ita firgita shi take yi. Na rubuta lambobin a takarda na aika wa Mai Tabarau, na ce ya liƙa a ƙofar shagonsa kusa da manyan baƙaƙen.

Na hana Baba sake taka shagon nan, kuma ya yi mini alkawari. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Yaya Nas

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da iyalin. Mu ma lafiya. Gaisuwar tawa gajera ce yau, don wasiƙarki ba ta yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa miki.

Na karanta lissafinki. Wai ashirin da takwas a cire sha tara, tara. Ashirin da huɗu a cire sha biyar, tara. Na biyun ma tara da tara. Wai na'urar da ke faɗin abin da ta ga dama ba za ta riƙa kuskure iri ɗaya sau huɗu ba, dole ɗaya daga cikin biyun ce ta karkace, kuma a gwada a gani wacce. Sannu, Malama. Ido ba allon ajinku ba ne. In akwai wadda ta karkace, ai kin san wacce ce, wadda aka saya jiya aka damƙa wa mai goge gilashi.

Kuma na san inda kika samo ƙarfin gwiwar. Auta ta yi subul da baka, ta ce mijinta ya kira ki kun fi rabin awa kuna magana. Wato ya rasa mai saurarensa a nan, ya tsallaka ya same ki. Ni na goya ki, ni na yi miki kitso har kika shiga sakandare, yau kuma ke da mai farar rigar aro kuke zama kuna duba mini aiki. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Kamar hakan bai isa ba, a asibiti ma an kawo mana sabuwar likita, yarinya ce da na girme wa nesa ba kusa ba. Tana yawo da wata 'yar na'ura a jaka mai kama da abin busar da gashi. Wani siririn tsinke mai kan roba ne ke fitowa ya ɗan taɓa ido ya koma, kafin mutum ya ƙifta an gama, ko magani ba a ɗigawa. Wai ta fi dacewa da yara da tsofaffin da ba sa iya ɗora haɓa. To ga mai hurawa, ga mai tsikara, kowa na gudun ya zauna ya koyi aiki. Tsohon likitan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, da yatsu biyu yake danna ido a rufe ya faɗi abin da ke ciki. In ya ji kamar leɓe, ya yi laushi, in kamar kan hanci, daidai ne, in kamar goshi, akwai matsala. Waɗannan na yanzu in batir ya mutu sun tashi aiki.

Baba yana gaishe ki. Ya ɗan rage karɓar ƙananan agogon mata, ya ce hasken shagon ne ya yi rauni, na sa an canja masa ƙwan fitila. Don Allah ki bar wannan magana haka, ki kula da ɗalibanki.

Yayarki,
Nas

Zuwa ga ƙanwata, 'yar uwata Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yaran, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Wata biyar ban rubuto ba, ke ma kin yi shiru, kuma ban ga laifinki ba. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar Litinin Baba zai tsallaka titi, mai keke ya taho ta hagunsa ya buge shi. Bai ji ciwo sosai ba, gwiwa ce ta ɗan goge. Amma ya rantse bai ga keken ba sam, kuma mutane sun ce a fili yake tahowa yana ta ƙararrawa.

Talata da safe na fito kiran layi, sai ga Baba a benci, na goma sha huɗu, da kati a hannu. Mai Tabarau na gefensa riƙe da takalmansa da ɗan littafin nan. Ba farar riga, ba biro. Tun da sassafe suka zo ta ƙofar gaba kamar kowa, kuma ya roƙi mai ba da kati a haɗa su da likita kai tsaye. Na ce da Baba ina alkawarin da ya yi mini. Ya ce alkawarin shago ya yi, nan kuwa asibiti ne.

Na bi su ciki ina huci. Likita ta ciro 'yar na'urarta ta tsikara, hagu talatin da ɗaya, dama ashirin da shida. Na yi tsaki a gaban kowa, na ce a zo ɗakina a yi awon gaskiya. Ba ta yi musu ba, ta biyo ni. Na ɗiga magani, na kunna shuɗin haske, na haɗa zoben da kyau kamar yadda na saba. Hagu ashirin da biyu, dama sha bakwai. Kafin in buɗe baki na ji lissafinki ya faɗo mini a ka. Tara da tara.

Likita ta dubi na'urar, ta dube ni, ta ce, "Anti, ina sandar gwajinta?"

Malama, na san sandar. Ba zan ce miki ban sani ba. Tsohon likita duk farkon wata sai ya maƙala ta a jikin na'urar, ya duba ko awonta na nan daidai, ina tsaye ina kallo. Da ya bar aiki na ce a raina wannan bidi'ar tsofaffi ce, hannuna ya isa. Na taka zuwa taga na zare ta, tagar ta rufo bam. Duk ta yi tsatsa, ga fenti a gefe ɗaya. Likita ta goge ta da auduga ta maƙala. Ba a ɗauki minti biyu ba. Tun ranar da kanta ya faɗi ƙasa, na'urata tara take ragewa a kowane ido da ta taɓa.

Likita ta leƙa cikin idon Baba ta daɗe. Jijiyar hagu ta cinye, saura ɗan abin da bai kai a kira shi gani ba. Ta dama ta taɓu, amma in aka dage da ɗiga magani safe da yamma, ana sa ran riƙe abin da ya rage. Ta ce ciwon ya daɗe yana aiki, ba za ta iya cewa ga abin da za a ceto da an zo bara ba. Kirki ne ya sa ta faɗi haka. Ni na san abin da wata goma sha ɗaya ke yi wa jijiya, aikina ne. Bayan sun fita na sa Baba ya rufe ido, na ɗora yatsu biyu a kan na hagun. Kamar goshi. Ko wannan na kyauta ban taɓa yi masa ba.

An ɗauke na'urar. An ba ni katunan kusan shekara uku in zauna in kira mutane ɗaya bayan ɗaya su dawo a sake auna su. Ina kira ina jin muryata tana cewa Nas ce daga asibitin ido, ina jin ƙyamar sunan.

Mai Tabarau kuwa yana nan tsaye a gefe. Na so ya yi mini dariya, na so ya buɗe littafin ya karanto mini ranaku, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya janyo mini kujera ya ce in zauna, ya tafi sayen maganin. Har yanzu ina ganin rigar nan tasa abin dariya ce, kuma har yanzu bai san komai a kan ido ba. Amma shi da bai sani ba ya karanta takardar na'urarsa, ni gwana na tokare taga da tawa.

Jiya da safe na je shagon Baba in ɗiga masa magani. Na same shi ya kunna rediyo yana jiran a faɗi lokaci, kamar yadda yake yi tun muna yara, yana tsaye gaban babban agogon bango. Aka faɗa, ya duba, daidai. Don in samu abin cewa, na ce ai agogon nan bai taɓa saɓawa ba, me ya sa yake wahalar da kansa. Na so in haɗiye maganar tun ba ta gama fita ba.

Ya ce, "Shekara arba'in bai yi mini ƙarya ba. Amma kullum sai na tambaye shi, saboda da shi nake saita na mutane."

Bai ko kalle ni da fushi ba. Ya zauna ya ɗaga kai na ɗiga masa maganin, ya ce hannuna da sanyi. Sannan ya janyo agogon wani direba, ya ɗauki gilashinsa, ya kai shi idon hagu, ya tsaya, ya mayar da shi na dama. Idon dama bai saba riƙewa ba. Gilashin ya faɗo kan tebur, na ɗauka na ba shi. Ya sake faɗowa, na sake ba shi. A na uku ya ce in bari, zai ɗauka da kansa, dole ya koya. Gilashin ya gangara ya tsaya ta hagunsa, dab da gwiwar hannunsa. Ina tsaye ina kallonsa yana shafa teburin ta dama yana nema.

Ki zo, Malama, ko na kwana uku ne. Ki zo ki gan shi, shi ma ya gan ki da kyau. In kin zo za a auna idonki, don likita ta ce abin yana bin jini, mu ukun duka sai an duba mu. Ba ni zan auna ki ba.

Ki yafe mini wasiƙar da ta wuce. Lissafinki daidai ne.

Yayarki,
Nas